RIKODAR HANNU DA AMANAR MURYAR DATTAWA

Jawabin da ɗaya daga cikin 'yan ƙungiyarmu, ma'aikacin gwamnati, ya gabatar a zauren makaranta ranar taron shekara-shekara na tsofaffin ɗalibai.



Mai girma shugaban wannan taro, shugaban ƙungiyarmu da 'yan majalisarsa, shugaban makaranta da mataimakansa, iyayenmu malamai na da da na yanzu, yayyenmu da suka riga mu shan ruwan makarantar nan, abokan karatuna, ƙannenmu ɗalibai da ke zaune can baya, da sauran manyan baƙi, ina yi muku barka da zuwa, tare da fatan kowa ya baro iyalinsa lafiya.

Da farko ina neman afuwa. Lokacin da sakataren ƙungiya ya buga mini waya ya ce an ɗora mini yin jawabi a bana, na ce masa ranka ya daɗe, a zauren da ke cike da farfesoshi da alƙalai da manyan sakatarori, me ƙaramin ma'aikaci irina zai faɗa? Sai ya tuna mini cewa shi ne siniyan da nake yi wa wanki lokacin da nake aji ɗaya, saboda haka umarni yake ba ni. Kun kuwa san tsoron siniya ba ya barin zuciya ko da an yi furfura. Shi ya sa kuka gan ni a gabanku.

Abin da zan yi magana a kai ga shi nan a hannuna. Wannan 'yar na'ura ita ce rikodar hannu, wadda tsawonta bai wuce taƙi ɗaya ba, kuma batir ƙanana ne ke tafiyar da ita. Zan faɗi yadda na fara amfani da ita, da asarar da na yi saboda rashin sanin kanta, da yadda ya kamata a riƙe ta, sa'an nan in rufe da wata shawara da nake so ƙungiya ta duba kafin mu watse.

YADDA NA SAN TA

Bayan na gama jami'a da hidimar ƙasa, Allah ya ba ni aikin gwamnati, aka tura ni sashen mulki na wata ma'aikata. Duk wanda ya yi wannan aiki ya san cewa ƙaramin jami'i shi ne sakataren kowane kwamiti. Shi zai zauna a ƙarshen tebur da biro da takarda, manya suna magana uku-uku a lokaci guda, shi kuma ana jiran ya kawo rahoton taro washegari. Wata rana na rubuta cewa wani babba ya amince a kashe wasu kuɗi a kan wani aiki. Da aka dawo zama na gaba sai ya ce shi bai taɓa faɗin haka ba, yaron nan ne bai iya rubutu ba. Duk waɗanda suka ji shi da kunnensu suka sunkuyar da kai. Na sha takardar tuhuma a kan maganar da na tabbata an faɗa.

A ƙarshen watan na cire daga albashina na sayi rikoda. Tun daga ranar, kafin a buɗe taro, nakan nemi izinin shugaba in ajiye ta a tsakiyar tebur, a gaban idon kowa. Abin mamaki, rahotona ya gyaru, maganar manya ma ta gyaru, domin wanda ya ga jar fitila tana ci yakan auna kalmarsa kafin ya sake ta. Hausawa sun ce magana zarar bunu ce, to wannan na'ura ita ce ke riƙe bunun da aka zara.

ASARAR DA NA YI

Da na ga amfaninta a ofis sai na yi tunanin wani abu da ya fi rahoton taro daraja. Da yawa daga cikinku kun san malaminmu na tarihi, wanda ya koyar da yayyenmu, ya koyar da mu, har ya yi ritaya a makarantar nan. Na je gaishe shi a gida wata Asabar, na roƙe shi ya ba ni labarin yadda makarantar ta faro. Malam ya yi murna ƙwarai. Ya sa aka shimfiɗa mana tabarma a zaure, na ajiye rikoda a gabansa, na danna maɓalli, na ga jar fitila tana ƙyaftawa, na ce Malam bismilla.

Jama'a, kusan awa biyu Malam yana magana. Ya faɗi yadda aka bi ƙauyuka ana roƙon iyaye su ba da 'ya'yansu, da sunayen malaman farko da garuruwansu, da shekarar da aka yi ƙarancin ruwa har ɗalibai suka riƙa tafiya da bokiti kafin asuba, da dalilin da ya sa aka raɗa wa kowane ɗakin kwana sunan da yake ɗauke da shi. Har ya rera mini wata waƙa da ɗaliban farko ke yi a filin wasa, yana rerawa yana dariya. Ni kuwa ban rubuta ko harafi ɗaya ba, tunda na dogara da na'ura.

Da na koma gida na kunna, ban sami kome ba. Ashe irin rikodar da nake da ita, dannawar farko shiri ne kawai take yi, fitila tana ƙyaftawa tana jiran a sake dannawa. Sai fitilar ta tsaya cak, lambobin daƙiƙa sun fara tafiya, sa'an nan take ɗauka. A ofis masinjanmu ne yake kunna mini ita, ban taɓa lura ba. Kunya ta hana ni komawa a makon. Na ce bari sai bayan salla in je da goro in ba shi haƙuri mu sake. Kafin sallar ta zo aka aiko mana da rasuwarsa. Allah ya jiƙansa, ya gafarta masa, ya saka masa da alheri.

Abin da na iya tunawa na rubuta, bai cika shafi uku ba. Sunayen malaman farko rabi sun ɓace mini, waƙar kuwa ko baiti ɗaya ban riƙe ba. Wannan asara ba tawa ce ni kaɗai ba, ta kowane mutum ce da ke cikin zauren nan, kuma ita ce ta sa na zaɓi wannan batu.

WAƊANDA SUKA RIGA MU

Ɗaukar murya ba tsohon abu ba ne a duniya. A shekarar 1877 ne Thomas Edison na Amurka ya ƙera na'urar farko da ke ɗaukar magana ta kuma maimaita ta. Kamfanin Philips ya fito da kaset a 1963, shi ne wanda muka tashi muka tarar a gidajenmu, mai minti 60 da mai minti 90, wanda idan zarensa ya harɗe sai mu sa biro mu naɗe. Kamfanin Olympus ya kawo ƙaramin kaset a 1969, irin wanda 'yan jarida suka daɗe suna miƙa wa manya a baki. Yanzu kuwa babu zare babu kaset, sautin yana shiga cikin ɗan katin memori da bai kai farcen yatsa ba.

Kafin na'ura ta wadatu, masu kishin tarihi da alƙalami suka yi aiki. Tsakanin 1911 da 1913 aka buga littattafai uku na tatsuniyoyi da labaran Hausa da Frank Edgar ya tattara. Tsakanin 1949 da 1950 wata Baturiya, Mary Smith, ta zauna da wata tsohuwa a ƙasar Zazzau tana rubuta tarihin rayuwarta da hannu, aka buga shi a 1954 da sunan Baba of Karo. Tsohuwar ta rasu a 1951. Ku duba kusancin lokacin. Da Baturiyar ta ce sai baɗi, da duk abin da duniya ta koya daga bakin Baba game da aure da kishi da ƙawance da zamanin bayi ya bi ta kabari.

A shekarar 1960 Amadou Hampate Ba na ƙasar Mali ya tsaya a zauren UNESCO ya kwatanta mutuwar dattijo masanin tarihin baka da gobarar ɗakin karatu. A 1968 aka kafa cibiya a Yamai don tattara tarihin baka da harsunan Afirka, wadda yanzu take ƙarƙashin Tarayyar Afirka. A nan gida muna da Gidan Arewa a Kaduna, wanda aka kafa a 1970 ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello, muna kuma da cibiyar nazarin harsuna ta Jami'ar Bayero a Kano. Har ila yau, ku tuna da mawaƙanmu. Alhaji Musa Ɗanƙwairo ya rasu a 1991, Alhaji Mamman Shata a 1999, Ɗanmaraya Jos a 2015, amma yaron da aka haifa bayansu yana jin muryarsu yau, saboda wani ya kunna rikoda a gabansu, wani kuma ya adana faifan.

To amma waɗannan cibiyoyi ba za su zo su ɗauki malamin lissafinmu ba, ko Baba mai gadi, ko Baba kuku da ya ciyar da mu shekara shida. Wannan aikinmu ne.

YADDA AKE AMFANI DA ITA

Abu na farko shi ne shiri tun daga gida. Kada ka fara koyon na'ura a gaban dattijo. Ka kwana biyu kana ɗaukar 'ya'yanka da maƙwabta, kana saurare, har hannunka ya san kowane maɓalli ko a cikin duhu. Ka sa sabon batir, ka riƙe wani a aljihu. Ka duba katin memori ko akwai wuri. Ka gyara kwanan wata da agogon na'urar, domin da su take yi wa kowane fayil lamba. Akwai ire-irensu da yawa a kasuwa, na Sony da Olympus da Zoom da Tascam da sauransu, kuma kowacce da halinta. Wata dannawa ɗaya take so, wata biyu. Ka san taka.

Na biyu, zaɓin irin fayil. Yawancinsu suna ba ka zaɓi tsakanin WAV da MP3. Shi MP3 matse sautin yake yi, ya zubar da wani sashe don ya rage nauyi, minti ɗaya bai cika wuce megabayit ɗaya ba. Ya isa a rahoton taro. Shi kuwa WAV yana ajiye sautin yadda ya shigo, minti ɗaya yana cin kimanin megabayit 10 idan an saita shi a kan 44.1 da 16, wato ma'aunin faifan CD. Da wannan lissafi, kati mai gigabayit 32 zai ɗauki kusan awa 50. Masu adana sauti a manyan cibiyoyi suna son a hau zuwa 48 da 24, inda awa ɗaya ke cin kimanin gigabayit ɗaya. Shawarata ita ce, in dai muryar da za a ajiye wa jikoki ce, a ɗauka da WAV. Daga gare shi kana iya fitar da MP3 ka raba wa jama'a ko yaushe, amma abin da MP3 ya zubar ba ya dawowa.

Na uku, wurin zama. Kunnen mutum yana da wayo, yana tace abin da ba ya so, amma makirufo ba shi da wannan wayo, duk abin da ya ji ɗauka yake. Fankar da ka manta da ita za ta fito kamar jirgin sama. Haka janareta, da injin markaɗe na maƙwabta, da rediyo, da zakara. Kafin ka fara, ka yi shiru na minti ɗaya ka saurari ɗakin. Na lura ɗakin ƙasa mai tabarma da katifa da labule ya fi falon siminti mai tayil kyau nesa ba kusa ba, domin bangon da ba kome a jikinsa yana mayar da amsa-kuwwa. Ɗaki mai rufin kwano kuwa a guje shi ranar ruwan sama. In a waje za a zauna, musamman lokacin hunturu, a sa wa makirufo sosonsa, in babu ko safa mai tsabta ta yi, kuma ka juya wa iska baya. A zaɓi lokacin da ba a dab da salla ba, kamar da hantsi, lokacin yara sun tafi makaranta, tsoho kuma bai gaji ba.

Na huɗu, inda za a ajiye ta. Kuskuren da aka fi yi shi ne a ajiye rikoda can nesa saboda jin nauyin dattijo. Duk lokacin da ka ninka nisan da ke tsakanin baki da makirufo, ƙarfin muryar yana faɗuwa sosai, hayaniyar ɗaki kuma tana nan yadda take. Nisan da ya dace shi ne daga taƙi ɗaya zuwa kamu ɗaya, a ɗan karkace daga saitin baki don kada iskar numfashi ta riƙa bugunta. In za ka riƙe a hannu, ka riƙe da ƙarfi ɗaya, kada ka riƙa murza ta ko sauya hannu, domin motsin yatsa yana shiga kamar tsawa. Ya fi kyau a ɗora ta a kan matashi ko naɗaɗɗen mayafi. Kada a ajiye ta a kan tebur tsirara inda ake dangwarar da kofin shayi. Wayoyin salula kuma a nisanta su, don wani lokaci suna sa mata ƙara idan kira zai shigo.

Na biyar, ƙarfin ɗauka. A fuskar na'urar akwai wani layi da ke hawa da sauka idan ana magana, lambobinsa suna tahowa daga ƙasa har su ƙare a 0. Idan layin ya bugi 0, muryar ta fashe, kuma babu injiniyan da zai ɗinke ta. Ka sa dattijon ya gaya maka abin da ya karya kumallo da shi, kana daidaitawa, har ka ga layin yana kaiwa wajen -12, in ya yi dariya ko ya ɗaga murya kada ya wuce -6. Sa'an nan ka sa abin sauraro a kunne. Wanda ke ɗauka ba tare da abin kunne ba kamar mai ɗinki ne a cikin duhu. Da na sa shi a ranar da na je wurin Malam, na kuma ɗauki minti ɗaya na gwaji na saurara, da ban tsaya a nan ina ba ku labarin asara ba. Saboda haka ku riƙe wannan: a ɗauki gwaji, a saurara, a sake kunnawa, a tabbata lambobin daƙiƙa suna tafiya, kuma a riƙa leƙawa lokaci-lokaci.

Na shida, buɗe magana. Kafin tambayar farko, ka faɗi kwanan wata da sunan gari da unguwa, da sunanka, da sunan wanda kake hira da shi, ka kuma tambaye shi a cikin faifan ko ya yarda a ɗauka. Takardar da ka liƙa tana iya ɓata, amma abin da ka faɗa a farkon faifai yana tare da shi har abada.

Na bakwai, kuma shi ya fi wuya gare mu 'yan boko, shi ne yin shiru. Mun saba idan babba yana magana mu riƙa cewa na'am, haka ne, ƙwarai kuwa, ranka ya daɗe. Ladabi ne, amma a faifai yana hawa kan maganar tsoho ya rufe ta. Ka gaya masa tun farko cewa da kai za ka riƙa amsawa. Kada ka yi tambayar da amsarta i ce ko a'a. Maimakon ka ce Malam an sha wahala a lokacin, ka ce Malam yaya ranarku take farawa a lokacin? Idan ya yi shiru kada ka yi sauri ka cike gurbin, sau da yawa abin da ya fi daraja bayan shirun yake fitowa. Idan ya faɗi shekarar da ka san ba daidai ba ce, kada ka gyara masa, ka tambaye shi wane sarki ke kan gado, ko kafin canjin kuɗi ne ko bayansa, wato 1973 da aka bar fam da sule aka koma naira da kwabo. Da irin waɗannan alamomi dattawanmu ke lissafin zamani. Kada zama ya wuce awa ɗaya ko ɗaya da rabi. Gara ka je sau uku da ka gajiyar da shi sau ɗaya. Iyayenmu mata kuwa, a tura musu 'yan uwansu mata, domin akwai abin da tsohuwa ba za ta faɗa a gaban namiji ba ko da jikanta ne.

Wani zai ce, ai wayata ma tana ɗaukar magana. Gaskiya ne, kuma in ita kaɗai gare ka, yi amfani da ita yau, kada ka jira sai ka sayi rikoda. Sai dai ka rufe layinta don kada kira ya katse ka, kuma kada ka ɗauka ta hanyar saƙon murya na WhatsApp, domin yana matse sauti ƙwarai. Fifikon rikoda shi ne makirufonta ya fi kyau, kana iya daidaita ƙarfinta da hannunka, batirinta ana canzawa nan take ko babu wuta, kuma ba ta da wani aiki sai wannan.

AMANA

Yanzu na zo kan abin da ya fi na'urar kanta muhimmanci. Wuƙar da ake yanka rago da ita, ita ce kuma ake ɓarna da ita. Duk mun ga yadda ake naɗar maganar mutum a ɓoye, a yanke farkonta da ƙarshenta, a watsa a waya, aure ya mutu, zumunci ya yanke, ma'aikaci ya rasa aikinsa. Addininmu ya hana bin diddigin asirin mutane, hanin yana nan cikin Suratul Hujurati, kuma tarbiyyar da aka yi mana a gida da makarantar nan ta koya mana cewa zama da mutum amana ne. Tsarin mulkin ƙasa na 1999, a sashe na 37, ya tabbatar wa ɗan ƙasa sirrinsa da na gidansa da wasiƙunsa da maganarsa ta waya. A 2023 kuma an sa hannu a dokar kare bayanan jama'a, wadda ta ba yardar mutum muhimmanci kafin a tattara bayanansa a yi amfani da su. Ga masu tunanin kai faifai kotu, Dokar Shaida ta 2011, sashe na 84, ta gindaya sharuɗɗa kafin a karɓi abin da na'ura ta fitar, don haka a nemi lauya tun da wuri.

Ƙa'idata mai sauƙi ce. Rikoda a fili take zama, ba a cikin aljihu ba. A gaya wa mutum me za a yi da muryarsa da wanda zai ji ta. Idan ya ce kashe, a kashe, ya kuma ga an kashe. Idan ya ce wannan sashe kada a fitar sai bayan raina, a rubuta a kiyaye. A ba shi ko iyalinsa kwafi. Mu ma'aikatan gwamnati kuma mu tuna cewa abin da aka tattauna a taron ofis sirrin ofis ne, faifansa ba na kai wa majalisar hira ba ne. Bugu da ƙari, yanzu akwai manhajojin kwamfuta da ke kwaikwayon muryar mutum su sa shi faɗin abin da bai faɗa ba. Wannan ya ƙara wajabta mana mu adana fayil na asali yadda ya fito daga na'ura, ba a taɓa shi ba, in za a yi gyara a yi a kan kwafi.

BAYAN AN DAWO GIDA

Ɗauka rabin aiki ce. A daren da ka dawo, ka juye fayil a kwamfuta, ka sa masa suna mai ma'ana, wato shekara da wata da rana da sunan mai magana. Ka ajiye kwafi uku, a wurare daban-daban, ɗaya a wajen gidanka, saboda gobara da ɓarawo da ruwa. Kada ka goge kati sai ka saurari kwafin ka tabbata yana yi. Sa'an nan ka rubuta abin da aka faɗa. Ni dai awa ɗaya ta magana takan ci mini awa biyar ko shida a rubuce. A rubuta yadda mutum ya faɗa, Basakkwace da Sakkwatancinsa, Bakatsine da Katsinancinsa, kada a mayar da kowa Bakano, domin karin harshen ma tarihi ne.

Waɗanda ke da tsofaffin kaset a akwati, na wa'azi ko na biki ko saƙon da mahaifi ya aiko daga aikin hajji ko wurin fatauci, su sani zafi da laima suna cin zaren kaset, na'urorin kunna shi kuma suna ƙarewa. A 2019 UNESCO da ƙungiyar masu adana sauti ta duniya sun yi gargaɗi a kan haka. Yawancin rikodar hannu suna da ramin shigar da sauti, ana haɗa su da rediyo mai kaset da waya ɗaya a juye. A yi shi tun kaset yana juyawa.

SHAWARA GA ƘUNGIYA

Mai girma shugaba, ga roƙona. Na ɗaya, ƙungiya ta sayi rikoda biyu da katunansu, kuɗinsu ba zai kai abin da muka kashe a shinkafa da lemon yau ba. Na biyu, a kafa ƙaramin kwamiti da zai jera sunayen tsofaffin malamai da ma'aikata da ɗaliban farko da ke raye, a fara da wanda ya fi tsufa ko rashin lafiya, ba wanda ya fi muƙami ba. Na uku, kowane aji ya ɗauki nauyin mutum biyu a shekara. Na huɗu, a haɗa kowane mai ɗauka da ɗalibi ɗaya na babban aji, yaro ya koyi aiki, ya kuma ji tarihin makarantarsa daga tushe. Na biyar, a ajiye kwafi a ɗakin karatun makaranta, wani wurin sakatare, a kuma nemi ɗaya daga cikin cibiyoyin da na ambata ta karɓi na uku. UNESCO ta ware ranar 27 ga Oktoba ta kowace shekara don tunawa da adana sauti da hotuna masu motsi, muna iya sa ta zama ranar da kwamitin zai riƙa kawo rahoto. Ni na ba da tawa rikodar da Asabar ɗina, kuma zan koya wa duk wanda aka turo mini.

Ku dubi layin gaba na zauren nan. Bara kujerun iyayenmu malamai sun fi haka cika. Da tsohuwar zuma ake magani, amma sai in an adana ta. Duk wanda ke da tsoho a gida, ko malami a unguwa, kada ya ce sai bayan salla kamar yadda na ce.

A nan zan dasa aya. Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, kuskure kuwa nawa ne, ina roƙon a yafe mini. Allah ya jiƙan malamanmu da abokanmu da suka riga mu gidan gaskiya, ya ƙara wa na raye lafiya da nisan kwana, ya ɗaukaka makarantarmu, ya mai da kowa gidansa lafiya.